Asalin Kalma: Baiti

Daga Larabci muka aro "baiti", inda asalin ma'anarta gida ko tantin makiyaya. Masana arulin Larabawa, tun daga Khalil ɗan Ahmad na Basra, sun kamanta waƙa da tanti mai igiya da turke.

Da kalmar ta shigo Hausa ta hannun malaman zaure, sai ta zama sunan rukunin ɗangwaye a rubutacciyar waƙa: ƙwar biyu, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar.

Ɗalibi ya kula: a waƙar baka, irin ta Kassu Zurmi, masana kan ce gindi da ɗiya, ba baiti ba. Kowace gona da iyakarta.