Iittala: Kofin 1932 Da Har Yau Yake Kasuwa

A 1881 aka kafa masana'antar gilashi a ƙauyen Iittala da ke kudancin ƙasar Finlan. Wanda ya kafa ta ɗan Suwidin ne, daga ƙasarsu kuma ya ɗauko ma'aikatan farko masu hura narkakken gilashi da baki.

Abin lura gare mu 'yan kasuwa shi ne, ba sa yar da samfurin da ya karɓu. Kofin da Aino Aalto ta zana a 1932, mai zobba-zobba kamar an jefa tsakuwa cikin ruwa, har yau ana sayar da shi. Tulun furanni mai lanƙwashe-lanƙwashe na mijinta, Alvar Aalto, tun 1936 yake, kuma har yanzu da baki ake hura shi. Wanda kofinsa ɗaya ya fashe, ko bayan shekara ashirin ne zai samu irinsa sak. Wannan ke dawo da mai saye.

Kamfanin Fiskars ya saye su a 2007. A 2024 aka cire jan tambarinsu mai harafin i, wanda Timo Sarpaneva ya zana a 1956, aka kawo wani mai launin rawaya. Mutanen Finlan da dama sun fusata. Ni ma ina ganin an yi garaje.