Kantunan Wasan Tebur da Zuwan Intanet

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa Dungeons & Dragons a Amurka cikin shekarar 1974, wasan da jama'a ke kewaye tebur kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, masu sha'awarsa sun daɗe suna dogaro da kanti. Shagon Games Workshop da aka buɗe a Hammersmith ta Landan a 1978 ya kasance tamkar zauren malami, inda baƙo ke samun littattafai da abokan zama, ya karɓi ƙa'idoji baki da baki, kuma lalle wannan tarbiyya tana da daraja. Daga baya dandalin yin wasan ta intanet mai suna Roll20 ya bayyana a 2012, sannan annobar 2020 ta rufe kantuna, sai mutanen garuruwa masu nisa suka riƙa haɗuwa ta intanet.