Daga Azara Zuwa Kwano: Yadda Iskar Farkon Damina Ta Sami Galaba a Kan Rufinmu

A ƙasar Funtua da Malumfashi, hadarin farkon damina yakan taso ne daga gabas, a watannin Mayu da Yuni. Iska mai ƙura ce ke yin gaba, ruwa ya biyo baya. Wannan iska ta girmi garuruwan da take ratsawa. Abin da ya sauya cikin shekaru ɗari shi ne gidan da take tararwa.

Ginin gargajiya na soro yana da nauyi. Magina kan jera azara, su ɗora ƙasa, su shafe da makuba da ake samu daga ɗorawa. Babban abokin gabar irin wannan rufi ruwa ne, shi ya sa shirin damina a da ya ta'allaƙa a kan yaɓe da gyaran indararo tun cikin bazara. Ɗakin jinka kuwa, idan iska ta yaye shi, maƙwabta kan mayar da shi ta hanyar gayya, domin ciyawa da kara suna kusa.

Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, ya ƙarfafa cinikin auduga, ya kuma sauƙaƙa shigowar kayan waje, har da kwanon rufi. Kuɗin auduga, sannan shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, sun ƙara wa manoma da dama ƙarfin saye. Kwano ya zama alamar rufin asiri, ya kuma raba maigida da wahalar yaɓen shekara-shekara. Sai dai ba shi da nauyi: da zarar iska ta sami ƙofa ta ƙarƙashinsa, sai ta ɗaga shi tare da katakon. Faɗaɗa gonaki da saran itace kuma sun rage bishiyoyin da ke karya ƙarfin iskar kafin ta iso gari.

Wasu ƙasashen sun koyi wannan darasi da tsada. Jerin hadarin da ke ratsa yankinmu zuwa yamma yakan faɗa Tekun Atlantika, inda wani lokaci yake rikiɗewa ya zama mahaukaciyar guguwa. Guguwar Andrew, wadda ta ragargaza kudancin jihar Florida ta Amurka a watan Agustan 1992, daga gaɓar Afirka ta Yamma ta samo asali. Bayan ɓarnarta, jihar ta tsaurara dokokin gini, musamman game da ɗaure rufi da bango.

A nan gida, hukumar NEMA da aka kafa a 1999 da takwararta ta jiha sukan kai agaji bayan ɓarna, hukumar NiMet kuma tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Amma babu ɗayansu da zai hau rufin wani. Aikin maigida ne ya kira kafinta a watan Afrilu, a sauya ruɓaɓɓen katako, a ƙara ƙusa, a ɗaure katakon da bango da langa-langa ko rodi. Idan hadari ya taso, a shigar da yara ɗaki, a rufe ƙofofi da tagogi, a guji fakewa a gindin bishiya. Bayan ya wuce, kada a kusanci wayar lantarki da ta faɗo.

Magabata sun san bazara lokacin duba rufi ce. Kwano ya sauya irin gyaran da ake bukata, amma lokacinsa yana nan inda yake.