Edgar Allan Poe: maraici, tarin fuka da labaran firgici

Edgar Allan Poe (1809–1849) marubuci ne ɗan Amurka da ya shahara da gajerun labarai na tsoro, masu cike da kaburbura da tsofaffin gidaje da mutanen da hankalinsu ke gushewa. An haife shi a Boston ranar 19 ga Janairu 1809, kuma iyayensa duka 'yan wasan kwaikwayo ne. Mahaifinsa ya gudu ya bar iyalin, mahaifiyarsa Eliza kuma ta rasu a Richmond a Disambar 1811, yaron bai cika shekara uku ba. Wani attajirin ɗan kasuwa mai fataucin taba, John Allan, da matarsa Frances suka ɗauke shi riƙo.

Frances ta so shi kamar ɗan cikinta, amma tsakaninsa da uban riƙonsa jituwa ba ta ɗore ba. A 1826 ya shiga Jami'ar Virginia da kuɗin da ba su ishe shi ba, ya faɗa caca, bashi ya yi masa katutu, Allan ya ƙi biya. Ya shiga soja, daga baya ya je makarantar hafsoshi ta West Point, aka kore shi a 1831. Da Allan ya mutu a 1834, ko sisin kwabo bai bar masa ba. Tun daga nan da alƙalami ya ci abinci, a lokacin da mawallafan Amurka suka gwammace su kwafi littattafan Ingila kyauta. Waƙarsa "The Raven" ta 1845 ta sa sunansa ya zagaye ƙasar, amma abin da aka biya shi bai kai dala goma ba.

Abin da ya fi barin tabo a rubutunsa shi ne mutuwar matan da ya jingina da su. Bayan mahaifiyarsa, Frances ta rasu a 1829. A 1836 ya auri 'yar gwaggonsa, Virginia Clemm, tana da shekara 13, shi kuma 27. A Janairun 1842 tana cikin rera waƙa jini ya ɓalle mata ta baki, alamar tarin fuka. Shekara biyar ya yi yana jinyarta, yau ta ji sauƙi gobe ciwo ya dawo, shi kuma yana ƙara nutsewa cikin shan giya, har ta cika a 1847 a wani ɗan ƙaramin gida a Fordham. A shekarar da ciwon ya fara ne ya fitar da "The Masque of the Red Death", labarin wata annoba da ke kisa da zubar jini, da wani basarake da ya kulle kansa cikin ganuwa yana zaton mutuwa ba za ta iya shigowa ba. Sai dai "Ligeia" (1838) da "The Fall of the House of Usher" (1839), inda mace ke mutuwa sannan ta dawo, sun riga ciwon Virginia fitowa. Wannan ya nuna cewa tsoron ya daɗe a ransa tun yarinta. Har maye bai ɓoye ba: mai ba da labari a "The Black Cat" (1843) mashayi ne da giya ta kai shi ga kashe matarsa.

Duk da haka, zalunci ne a ɗauka cewa mahaukatan da ke cikin labaransa shi ne. Edita ne mai kaifin ido, mai auna kowace jimla, kuma shi ya aza harsashin labaran binciken laifi da "The Murders in the Rue Morgue" a 1841.

Ranar 3 ga Oktoba 1849 aka tsince shi a Baltimore cikin gigita, sanye da tufafin da ba nasa ba, ya rasu ranar 7 ga watan yana da shekara 40. Abokin gabarsa Rufus Griswold ya rubuta tarihinsa, ya nuna shi a matsayin lalataccen mashayi marar amana, har ya canza kalmomin wasu wasiƙunsa don ya ƙarfafa zargin. Wannan hoton ne ya yi ta yawo shekaru da dama, ko da yake a Faransa mawaƙi Charles Baudelaire ya fassara labaransa ya ɗaukaka shi. Sai a 1941 Arthur Hobson Quinn ya jera wasiƙun na asali kusa da waɗanda Griswold ya buga, jabun ya fito fili.