Mai Tsara Kiɗa da Ubangidansa: Abin da Rayuwar Francis Bebey Ke Nuna wa Hausawan Duwala

A watan Agustan 2024 Sarkin Ingila, Charles na Uku, ya naɗa Errollyn Wallen shugabar kiɗan fadarsa, muƙamin da aka fara ɗora wa Nicholas Lanier a 1626. Ita ce baƙar mace ta farko da ta riƙe shi. An haife ta a Belize a 1958, aka kai ta Landan tana ƙarama, ta tashi a unguwar Tottenham, ta yi karatun kiɗa a Goldsmiths da King's College ta Landan, sannan a Kambirij. A 1998 aka kaɗa aikinta a bikin Proms na BBC, bikin da aka fara tun 1895 ba a taɓa kaɗa aikin baƙar mace a cikinsa ba sai a kanta. Ke nan ƙofofin ba da sauƙi suka buɗe mata ba. Amma dai akwai ƙofofin. Jami'a ta koyar da ita, gidan rediyo ya ba ta aiki ya biya, ƙungiyoyin makaɗa suka karanta abin da ta rubuta suka kaɗa, masu ɗab'i suka adana takardun, daga ƙarshe fada ta naɗa ta.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana da fadar Sarkin Musulmi, Sarkin Taushin Katsina sarautarsa ma ta faɗi inda ya dogara. Ubangida yana ba da gida da doki da sutura da hatsi, makaɗi kuwa ya sami natsuwar da zai zauna da yaransa su yi ta juya waƙa guda har ta nuna. Bakandamiyar Narambaɗa ba a rana ɗaya aka haife ta ba, kuma ba mai yunwa ya tsara ta ba. Abin da wannan maƙala ke tambaya shi ne: ina makomar irin wannan aiki a inda babu fada, babu kuma jami'ar kiɗa? Unguwannin Hausawa na Duwala misali ne mai kyau na irin wannan wuri, kuma ina ganin amsar da ta fi dacewa da su tana cikin rayuwar wani ɗan garin da ba Bahaushe ba, wato Francis Bebey.

Sai an san yadda New Bell, unguwar da Hausawan Duwala suka sauka, ta samu kafin a fahimci matsalar. Jamusawa ne suka yanka ta gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙudura ƙwace filayen bakin kogin Wuri daga hannun mutanen Duwala, su tura su ciki, su bar fili tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. 'Yan ƙasa da yawa ba su zauna inda aka tura su ba, sai wurin ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo da mutanen Afirka ta Yamma. Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum a kan waɗannan baƙi, ya fito a 2008. Hausawan da suka sauka fatake ne da mahauta da maɗinka da malamai. Sun kafa masallatai, sun yi sarkinsu, sun riƙe harshensu, kuma har yau hada-hadarsu na nan daga unguwar Hausawa zuwa kasuwar Kongo da Nkololoun. Sai dai sarautar zango ta sasanta jama'a ce da tsaya musu a gaban hukuma. Ba ta da ƙasa da talakawa masu biyan haraji da za ta ciyar da rukunin makaɗa shekara da shekaru, kamar yadda lamiɓɓen Ngaundare da Garwa da Marwa ke riƙe da masu kakaki da algaita. Saboda haka kiɗa a zango ya rataya ne ga biki da suna da salla. Makaɗi ya zo, ya kaɗa, a yi masa liƙi, gari ya waye kowa ya kama kasuwarsa. Yau kuma mai na'ura da lasifika ya karɓe mafi yawan wannan ɗan fili.

An haifi Francis Bebey a Duwala ranar 15 ga Yuli, 1929, ɗan wani fasto. A gida da coci ya fara jin kiɗan Turawa, a unguwa kuma yana jin na mutanensa. Ya yi karatu a Paris da New York, ya yi aikin jarida da rediyo, ya shiga UNESCO a 1961, inda ya kai ga riƙe sashen kiɗa. Littafinsa na ƙagaggen labari, Le Fils d'Agatha Moudio, ya fito a 1967 ya kuma ci babbar kyautar adabin Afirka a 1968. A 1969 ya fitar da Musique de l'Afrique, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1975. Tun kafin nan ya ƙware a jita irin ta manyan zauruka, wadda mutum ɗaya ke zama ya kaɗa jama'a su yi tsit suna saurare, ya kuma tsara mata kiɗe-kiɗe nasa na kansa. A taƙaice, ya hau irin tsanin da Wallen ta hau daga baya, har ya yi nisa.

A 1974 ya ajiye aikin UNESCO. A nan ne tarihinsa ya zama abin nazari a gare mu. Mutum mai iyali ya bar albashi da ofis, ya mai da wani ɗaki na gidansa wurin ɗaukar sauti, ya kafa kamfaninsa na faya-fayi mai suna Ozileka, ya shiga kaɗa kusan komai da hannunsa: jita, na'urorin kiɗa masu lantarki, sanza (ɗan akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu), da wata sarewa mai murya ɗaya tak ta mutanen kurmi, wadda mai busa ke cike gurbinta da muryarsa. Bai jira fada ba, bai jira babban kamfani ba. Shi ne makaɗin, shi ne ubangidan, shi ne ma'ajin. Kuma wannan bai rufe masa ƙofar manyan zauruka ba, domin a 1994 ya tsara Kasilane don makaɗan goge huɗu na Amurka da ake kira Kronos.

Tushen tunaninsa, kamar yadda ya shimfiɗa a littafin 1969, shi ne cewa kiɗan Afirka daga murya da harshe ya tsiro, kayan kiɗa kuma ƙoƙarinsu su yi magana. Bahaushe ba ya buƙatar a kawo masa hujja a kan wannan. Hausa harshe ne mai karin sama da ƙasa, kuma mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya sassauta ne domin fatar ta bi wannan karin. Ɗan dambe yana jin takensa daga nesa jikinsa ya ɗauki tsuma ba a ambaci sunansa da baki ba. Mahauci ya san nasa, maƙeri ya san nasa. Wanda ya ƙirƙiro take, ya zaɓi inda amshi zai faɗo, ya daidaita kotso da muryoyin yaransa, mai tsara kiɗa ne cikakke, ko ya iya riƙe alƙalami ko bai iya ba.

Amma mu da kanmu ba mu ɗauke shi haka ba, kuma a nan nake da ƙorafi ga fannin nazarin Hausa. An yi aiki mai yawa, ba a musu. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Sai dai mafi yawan kundayen da ɗalibai ke rubutawa a kan baitoci suke: jigo, salo, zambo, habaici, kirari. An kwashe kalmomin an zuba a takarda, an bar kiɗan a kaset. Aikin da ya tsaya a kan kayan kiɗan da sunayensu da muhallinsu, irin ƙamus ɗin David Ames da Anthony King na 1971, ya haura shekara hamsin, kuma baƙi ne suka yi shi. Ɗalibi zai iya fayyace maka ma'anar kowane ɗa na waƙar Ɗanƙwairo, amma ka tambaye shi me ya bambanta tafiyar kotso da ta taushi ya rasa kalmomin da zai bayyana, alhali kunnensa ya san bambancin. Idan haka abin yake a Kano da Zariya da Sakkwato, inda fadoji ke raye, to a New Bell, inda tsohon mai goge kan rasu ba magaji, asarar ta fi sauri.

Za a ce rubuta sauti a takarda yana kashe irin wannan kiɗa. Maganar tana da ƙarfi. Shata ba ya maimaita waƙa daidai wa daida, yana duban wanda ke gabansa ne ya ƙara ya rage, kuma layuka biyar na rubutun kiɗan Turawa ba su da gurbin lanƙwasar algaita ko zamiyar kalangu daga wannan murya zuwa waccan. Na yarda. Amma Bebey ya iya wannan rubutu sarai, duk da haka da ya zo ga sanza da sarewa na'urar ɗaukar sauti ya sa gaba. Rubutu a wurinsa bara ne, ana kiransa inda zai yi amfani: idan ana son makaɗan wata ƙasa su kaɗa aikinka, ko ana son a nuna wa ɗalibi ƙashin bayan waƙa. Kuma rubuta kiɗa ba gadon Turawa kaɗai ba ne. Al-Farabi ya rubuta babban littafi a kan ilimin kiɗa a ƙarni na 10, Safiyuddin al-Urmawi kuma ya yi amfani da haruffan abajada wajen alamta sautuka a Bagadaza a ƙarni na 13.

Za a kuma ce kiɗa roƙo ne, ɗan mutunci ba ya yi. Wannan ita ce katanga ta gaskiya, ta fi rashin kuɗi tsawo. Attajirin da ke da shaguna a kasuwar Kongo zai biya wa ɗansa karatun likita ko lauya da farin ciki, amma ba zai so a ce ɗansa makaɗi ne ba, ko da a motarsa Shata yake saurare daga Duwala har Yawunde. Ba na raina damuwar iyaye, kuma saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa tsoho ne, ba wannan maƙala za ta yanke shi ba. Abin da zan ce kawai shi ne yaron zango yana tashi da kunne horarre fiye da yadda muke zato. Ya saba da ƙa'idar tsawaita harafi da gajarta shi tun a makarantar allo, ya ji Ishiriniya da waƙoƙin bege a watan Mauludi, ya ji Imfiraji ta Aliyu Namangi da ma'auninta. A waje kuma makosa da bikutsi da kiɗe-kiɗen Bamileke suna shigar masa kunne ko ya so ko bai so ba, ga Faransanci da Fulatanci da Turancin kasuwa a bakinsa. Yaron Kano bai da wannan haɗi. Irin mahaɗar da ta haifi Bebey ke nan, kuma ta haifi Manu Dibango, wanda shi ma a Duwala aka haife shi a 1933. Abin da ke hana wannan baiwa fitowa shi ne an haɗa tsara kiɗa da miƙa hannu a igiya ɗaya. Hanyar Bebey ta raba su, domin wanda ya mallaki faifansa da haƙƙin aikinsa ba ya buƙatar ya wasa kowa kafin ya ci abinci. Dibango ya nuna muhimmancin wannan haƙƙi lokacin da ya bi kadin ɗan yankin Soul Makossa ta 1972 da Michael Jackson ya ɗauka ya sa a waƙarsa.

Akwai wani ɓangare na tarihin Bebey da bai kamata a ɓoye ba. A Paris ya yi wannan aiki duka, a can ya rasu ranar 28 ga Mayu, 2001. Da duniya ta sake waiwayarsa, wani kamfanin Paris ne, Born Bad, ya tattara kiɗe-kiɗensa na lantarki ya fitar a 2012, sannan na sanza a 2014. Duwala ta haife shi, ba ita ta adana shi ba. Mutum ɗaya yana iya zama ubangidan kansa tsawon rayuwarsa, amma bayan ransa dole a sami wata kafa da za ta riƙe abin da ya bari. A wannan fuska tsarin da ya ɗaga Wallen yana da abin da ya fi, kuma ba sai an yi shekara ɗari huɗu kafin a fara irinsa ba. Cibiyar doual'art, wadda Marilyn Douala Bell da Didier Schaub suka kafa a 1991, ta nuna cewa mutanen gari na iya tsai da gidan fasaha da kansu, ayyukanta kuma sun shiga har cikin New Bell.

Abin da ake buƙata a unguwannin Hausawa bai kai haka tsada ba. Wayar da ke aljihun kowane saurayi a Nkololoun ta fi na'urar da Bebey ya fara da ita iya ɗaukar sauti. A nemi tsofaffin masu kalangu da goge da algaita da matan da ke kiɗan ƙwarya da suka rage, a ɗauki kiɗansu da izininsu, a biya su, a rubuta sunan kowa da na wanda ya koya masa da garin da kiɗan ya fito da sunan kowane take. A ajiye kwafi a unguwa ƙarƙashin kulawar sarkin Hausawa da dattawa, a kai wani Jami'ar Duwala, a aika wani sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, su kuma su fara karɓar kundin da ya nazarci sauti kamar yadda suke karɓar wanda ya nazarci baiti. Attajiran New Bell sun gina masallatai da makarantu da kuɗin aljihunsu, ɗaki ɗaya da albashin mutum biyu ba zai gagare su ba. Su fara da makaɗan da suka fi tsufa, a wannan shekara.