«Hannu» mai yatsu biyar: matan da suka riƙe ƙungiyar ƴan mata ƴan sikawut ta Faransa (1921-1964)

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne mu bi tarihin wata ƙungiya ta ƴan mata, watau Fédération française des éclaireuses (FFE), ta hanyar duban matan da suka shugabance ta da kuma kalmomin da suka kira kansu da su. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, samarin sikawut na Faransa sun rarrabu gida-gida bisa ga addini, amma matan nan sun tara ƴan mata masu addini daban-daban ƙarƙashin inuwa guda har shekara 43. Za mu duba yadda aka yi hakan, da yadda abin ya wargaje, sannan mu taɓo matsalar fassara sunayen muƙamansu zuwa Hausa.

1. Mafari

Baden-Powell ya kafa sikawut a Ingila cikin 1907 domin yara maza. A babban taron da aka yi a Crystal Palace, birnin Landan, cikin 1909, sai ga wasu ƴan mata sun zo da kayan sikawut ba tare da an gayyace su ba. Cikin 1910 aka buɗe masu ƙungiyarsu ta daban, aka danƙa ta ga ƙanwarsa Agnes.

Da abin ya ƙetara zuwa Faransa, sai ya tarar da ƙasar da ta raba addini da gwamnati cikin 1905, gardamar kuwa ba ta lafa ba. Saboda haka samari suka rabu: Éclaireurs de France, waɗanda ba su jingina ga wani addini ba, da Éclaireurs unionistes na ƴan Furotesta, dukansu cikin 1911, Scouts de France na ƴan Katolika cikin 1920, sai na Yahudawa cikin 1923.

Wajen ƴan mata, rukunan farko sun tsiro ne tun 1912 cikin ƙungiyoyin ƴan matan Furotesta, wasu kuma daga baya a wani gidan taimakon jama'a da ke titin Mouffetard, unguwar talakawa a birnin Paris. A taron Épinal na 1921 ɓangarorin biyu suka haɗu suka kafa FFE, mai sashe biyu: na Furotesta da na ƴan ba-ruwanmu da addini. Sashen Yahudawa ya shigo cikin 1928. Ƴan Katolika kaɗai suka yi gidansu, Guides de France, cikin 1923.

2. Iko ba albashi, ba ƙuri'a

Ya kamata mu tuna halin da macen Faransa take ciki a lokacin. Ba ta samu ƴancin jefa ƙuri'a ba sai cikin 1944. Matar aure kuwa, sai cikin 1938 doka ta daina ɗaukar ta a matsayin wadda ba ta iya ƙulla wata yarjejeniya da kanta, kuma sai cikin 1965 ta samu damar yin aiki ko buɗe ajiya a banki ba da yardar miji ba. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce dokar 1 ga Yuli 1901 game da ƙungiyoyi, wadda ta ba mutane damar haɗuwa kan wata manufa in dai ba rabon riba ba ce. Ta wannan ƙofa matan da ba su iya zaɓen magajin garinsu suka riƙa tsara dokokin ƙungiya, suna riƙe kuɗinta, suna horar da jagorori, suna wakiltar ta a waje. Faransa na cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar ƴan mata ƴan sikawut ta duniya a Parád, ƙasar Hangari, cikin 1928.

Mata biyar ne suka riƙe ragamar FFE a shekarunta na farko: Georgette Siegrist, Marguerite Walther, Violette Mouchon, Renée Sainte-Claire Deville da Madeleine Beley. Sunan da aka san su da shi shi ne la Main, watau «Hannu». Siegrist ce ta riƙe babban muƙamin ƙasa daga 1921 zuwa 1931, Walther ta gaje ta har rasuwarta cikin 1942. Amma abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, sunan da ya zauna a bakin mambobi na jimlar ne, kuma ba a ɗauko shi daga kai ba, gaɓar da Faransanci ya saba siffanta shugabanci da ita (kalmar chef kanta daga caput ta Latin take, watau kai). An ɗauko shi daga gaɓar aiki, mai yatsu biyar da ba su kai juna tsawo ba, amma ba wanda ke ɗaukar kaya shi kaɗai. A ganinmu wannan suna ya dace da tsarin tarayyar: kowane sashe yana riƙe da tarbiyyarsa ta addini ko ta ɗabi'a, sauran al'amura kuwa, kamar tufafi da horo da zangon daji, na kowa ne.

A ƙasa, nauyin aikin yana kan cheftaines, galibinsu ƴan mata ɗalibai ko malaman makaranta ko ma'aikata, waɗanda ba a biyan su ko sisi. Yara sun kasu bisa shekaru: ƙanana su ne Petites Ailes, «ƙananan fukafukai», na tsakiya su ne éclaireuses, da ke cikin ƙananan rukunai da ake kira clan, kowane da shugabarsa daga cikin yaran, sai manya. Ke nan yarinya tana koyon riƙon mutane tun tana ƙarama, daga cikin waɗannan ne kuma ake samun jagororin gobe. Ikon cheftaine bai dogara ga kuɗi ko tilas ba. Ranar da iyaye suka janye amincewa, ko ita ta gaji, rukunin ya mutu. Bahaushe ya ce sa kai ya fi bauta ciwo.

3. Yaƙi da wargajewa

Gwajin farko ya zo da mamayar Jamus. Dokar gwamnatin Vichy ta 29 ga Nuwamba 1941 ta rusa ƙungiyoyin Yahudawa ta tilasta masu shiga hukuma guda, kuma cikin 1943 aka haramta sikawut ɗin Yahudawa baki ɗaya. Jagorori maza da mata na wannan ɓangare suka koma aikin ɓoye cikin ƙungiyar da aka sani da la Sixième, suna yi wa yara takardun bogi, suna ɓoye su a ƙauyuka. Wasunsu sun rasa rayukansu a kan haka. FFE ta fito daga yaƙin da sassanta uku.

Abin da yaƙi bai yi ba, sai zamani ya yi shi. Cikin shekarun 1960 ra'ayin gama maza da mata a makaranta da ƙungiyoyin matasa ya yi ƙarfi. Cikin 1964 aka rusa FFE. Sashen ba-ruwanmu ya haɗe da Éclaireurs de France a shekarar. Na Yahudawa ya haɗe da samarinsa cikin 1969. Na Furotesta cikin 1970. Ƴan Katolika ba su gama nasu ba sai cikin 2004.

A nan ne darasin yake. An tashi kawar da shinge tsakanin maza da mata, sai aka maido da shingen addini wanda matan suka riga suka ƙetare. Gidajen samari uku suna nan, an ƙara kalmar éclaireuses a sunayensu; gidan da ya ɓace shi ne wanda mata suka gina, suke kuma mulkinsa su kaɗai.

4. Yaya za mu faɗe su da Hausa?

Kalmar bénévole ba ta da wuya: «ɗan sa kai», «ƴar sa kai». Éclaireuse ta fito daga harshen soja, inda éclaireur yake nufin wanda ake turawa gaba ya duba hanya. «Mai share hanya» ta fi kusa da ita bisa ga «mai haskakawa». Commissaire, sunan masu kula da lardi ko ƙasa, in aka are ta yadda take, mai sauraro a Maraɗi ko Damagaram kwamisariyar ƴan sanda zai tuna. Muna ganin «wakiliya» ta fi.

Cheftaine ce mai wuya. Faransanci ya aro ta daga chieftain ta Ingilishi, wadda ita ma asalinta tsohon Faransanci ne, kuma kunnen Bafaranshe ya ji ƙarshenta kamar na mace. A Hausa muna da «magajiya», wadda ake kiran shugabar mata da ita, kusa da «sarkin samari» cikin samariya. Sai dai waɗannan sunaye na sarauta ne, suna ɗauke da naɗi daga sama, balle bayan da gwamnatin Seyni Kountché ta raya samariya bayan 1974 ta mai da ita reshen hukuma. «Uwar ɗaki» kuwa tana nuna alheri da biyayya tsakanin babba da ƙarama. Mun fi karkata ga «jagora», domin jagora tafiya yake yi tare da waɗanda yake ja.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin FFE ya nuna mana cewa aikin sa kai ya zame wa matan Faransa makarantar mulki tun kafin doka ta ba su ƙuri'a, ya kuma nuna cewa gamayya da maza ba ta tabbatar da rabon kujeru sai an rubuta shi cikin dokokin ƙungiya. Muna ba masu nazarin ƙungiyoyin matasa shawarar su tattara sunayen muƙamai tare da jerin waɗanda suka riƙe su, shekara bayan shekara, kafin haɗewa da bayanta. Daga nan ne za a gane hannun da ragamar ta koma.