Gomiya, Ashirin da Dala: Tarihin Ƙidayar da Yaron Adar Yake Zuwa da Ita Lakwal

Yaron da ya shiga ajin farko a Madawa, ko Buza, ko Keita, ba ya zuwa hannu sake wajen lissafi. Yana ɗauke da ƙidaya hawa uku, kowane hawa da zamaninsa.

Hawa na farko shi ne na asali. Daga goma Hausawan da suke cewa gomiya biyu, gomiya uku, har zuwa ɗari. Tsari ne bayyananne, wanda kunne yake jin goma a cikin kowane adadi. Hawa na biyu ya zo tare da fatauci da karatun allo: ashirin, talatin, arba'in, hamsin, duk aron Larabci ne, haka kuma metan da hamsaminya. Suka danne gomiya sannu a hankali, ko da yake gomiya tara ta yi taurin kai, ana jin ta a Nijar a madadin tis'in. Abin da aka rasa a wannan musanya ba ƙarami ba ne, domin yaro ba ya jin uku a cikin talatin. Amma malami mai lura yana da makama: Talata, Laraba da Alhamis asalinsu rana ta uku, ta huɗu da ta biyar ne, daga tushe ɗaya da talatin, arba'in da hamsin. Wato yaro yana furta jerin matsayi kowane mako bai sani ba.

Hawa na uku na kuɗi ne, shi ne kuma mafi wuyar sha'ani. A shekarar 1851 Heinrich Barth ya ga masu ƙidayar wuri a Tasawa suna jan shi biyar biyar, suna tara shi tsibi tsibi. Wuri ya shuɗe, biyar ta zauna. Sunan dala, wanda a da ake kiran azurfar Turai da shi, ya koma kan tamma biyar. Da aka ƙirƙiro kuɗin CFA a 1945 bai gusa ba. Saboda haka mai sayar da albasa a Madawa, in ya ce dala ashirin, a takarda 100 za a rubuta. Jika kuwa dala metan ce, a rubuce 1000. Manomin da ba ya kuskuren ko dala ɗaya a kasuwa sai ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya ga kamar lambar tana ƙaryata bakinsa.

Lakwal ta ɗora nata nauyin. Faransanci yana kiran tamanin da ashirin sau huɗu, saba'in kuma sittin da goma, a kolej kuwa daga aji na shida ake farawa a gangaro zuwa na uku. Hausa ba ta da wannan karkata: a sa na ko ta gaban adadi, matsayi ya fito, sai na farko kaɗai da ya fita daga layi.

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973, wannan tambaya take gaban masu tsara littattafai. Korar ashirin daga littafi aikin banza ne, kasuwa ba za ta bi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta gomiya uku kusa da talatin a darussan farko, a kuma keɓe wa dala darasinta, tun da yaron da ya iya ƙirga kuɗi ya riga ya haddace jadawalin ninki biyar.